Kafin a hukunta yaro, a tambayi kwamfutar

A makarantunmu na karkara, duk abin da ya lalace sai an nemo masa mai laifi kafin a nemo masa dalili. Famfo ya tsaya, yara ne. Batirin sola ya mutu, yara ne suka yi cajin waya. Kwamfuta ta ƙi buɗewa, to lalle akwai yaron da ya sa mata hannu. Wani lokaci zargin gaskiya ne, domin yara ba mala'iku ba ne. Sai dai kwamfuta ta bambanta da famfo da batir ta fuska guda: tana rubuta abin da ya same ta, da rana da sa'a da minti. Wanda ya san inda take ajiye wannan rubutu ba ya bukatar zato, ba ya bukatar bulala. Wannan shi ne abin da nake so in tattauna da ƴan uwana malamai da iyayen yara, kuma zan yi shi ne da misalin abin da ya faru a gabana.

Ina koyar da lissafi a wani kwaleji a yankin Affala, arewa da birnin Tawa. Kwamfutocinmu takwas ne, duka na hannu, ƴan garinmu da ke bida a Abijan suka yi karo-karo suka aiko mana. Wanda ya san Adar ya san cewa abubuwa da yawa da ke tsaye a garuruwanmu, daga masallaci zuwa injin niƙa, gumin ƴan bida ne. Bakwai suna ɗakin koyo, ɗaya tana ofis, kuma a cikinta ake ajiye makin ɗalibai da jerin sunayen masu shirin jarrabawar BEPC. Dukansu Xubuntu 22.04 ke kansu, wato wani nau'in Linux marar nauyi da tsofaffin injuna ke iya ɗauka. Irin waɗannan za su ƙara yawa a wajenmu, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ya hawa yawancin tsofaffin injuna. Abin da ofisoshin Turai suka fitar, wani kaso nasa nan zai ƙare, kuma Linux ne zai raya shi. Saboda haka matsalar da zan bayyana ba tamu ba ce mu kaɗai.

Wata ranar Litinin a ƙarshen zangon farko, ana sauran kwana biyar a raba takardun sakamako, kwamfutar ofis ta ƙi kowa. Darakta ya rubuta kalmar sirrinsa, ta ce ba daidai ba ce. Ya sake, ya kuma sakewa, amsa ɗaya. Surbeyan ya gwada tasa, haka. Aka tambaya wa ya taɓa ta a ƙarshe, aka ce wani yaro ne ɗan ajin ƙarshe, wanda aka ɗora wa aikin kashe injuna da lulluɓe su da zane saboda ƙura. Shi ya kashe ta ranar Juma'a da yamma. Kuma kowa ya san makinsa na Faransanci ya yi ƙasa a wannan zango. Cikin awa ɗaya labari ya haɗu: yaro ya canza kalmar sirri don kada sakamako ya fito.

Aka aika aka kira mahaifinsa. Dattijo ne manomi, ya zo da rawaninsa ya zauna a bakin benci, bai san komai game da kwamfuta ba sai dai ya ji an ce ɗansa ya ɓata kayan jama'a. Aka gaya masa za a kai injin Tawa, kuɗin mota da na gyara za su kai jika goma sha biyar, kuma shi zai biya. Aka kuma ambaci kora ta mako biyu. Yaron yana tsaye yana ta maimaita magana ɗaya: “Mushe, wallahi kashe ta kawai na yi.” Mahaifin ya juyo gare ni ya ce, “Malam, kai ke koya masu wannan abu. In ya yi, ka faɗa mini, ni da kaina zan hukunta shi. In bai yi ba, kada a ɓata masa suna.” Na ce masa, “Baba, a ba ni zuwa gobe.” Darakta ya amince, Allah ya saka masa.

Abin da ya sa na nemi jinkiri lissafi ne mai sauƙi. A kan wannan inji akwai asusu uku: na darakta, na surbeyan, da nawa. Na gwada nawa, shi ma ya ƙi. A tsarin Linux, mai asusu na iya canza kalmar sirrinsa ne kawai, kuma sai ya fara rubuta tsohuwar. Canza ta wasu sai mai ikon shugabanci a kan injin, shi ma sai an tambaye shi tasa kalmar. Yaron ba shi da asusu a nan, bai kuma san kalmar kowa ba. Makullai uku daban-daban ba sa lalacewa a dare ɗaya. Idan duka uku sun ƙi buɗe ƙofa, kwaɗon za a duba.

Duk da haka na fara da ƙananan abubuwa, domin sau da yawa a nan matsalar take. A ƙasarmu allunan rubutu iri biyu ke yawo. Waɗanda suka fito daga Faransa ko ta Abijan da Kwatano jerin AZERTY gare su, waɗanda suka shigo daga Sakkwato da Kano ta Illela da Ƙonni kuwa QWERTY ne. A tsakaninsu A da Q sun yi musaya, Z da W ma haka, M ya bar wurinsa, kuma a AZERTY lambobin layin sama ba sa fitowa sai an danne Shift. Idan inji yana zaton allo iri kaza ne alhali wani iri aka jona masa, mutum zai rubuta kalmarsa daidai, inji ya karɓi wata daban, kuma ba zai gani ba tunda ɗigo-ɗigo ne ke bayyana. Gwajin ba wuya: a rubuta haruffan a wurin da ake ganin su, kamar gurbin suna, a duba abin da ya fito. Na yi haka, na duba Caps Lock da Num Lock. Komai lafiya.

Yana da kyau malami ya san cewa ƙin buɗewa iri-iri ne, kuma kowane iri da inda yake nunawa. Idan asusu ɗaya ne ya ƙi, sauran suna shiga, to mantuwa ce ko an canza kalmar. Idan inji ya karɓi kalmar, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sannan ya dawo da mutum shafin shiga ba tare da ya ce komai ba, to tantancewa ta wuce, teburin aiki ne ya kasa tashi. Wannan yakan faru idan ma'ajiyar inji ta cika maƙil, ko wani fayil a cikin gidan mai asusun ya lalace. Idan kuwa kowa aka ƙi, ta kowace ƙofa, to ba a nan gizo yake saƙa ba, sai a duba abin da ke tantance mutanen. Linux na da wata ƙofa ta baya ga mai hoto: a danna Ctrl da Alt da F3 tare, baƙin allo zai fito yana tambayar suna da kalmar sirri. Na gwada asusuna a nan, ya ƙi. Yanzu na tabbata iri na uku ne.

A nan sai in yi ɗan bayani, domin shi ne zuciyar maganar. Shafin da ke tambayar kalmar sirri ba shi ke yanke hukunci ba. Ɗan aike ne kawai da ke tsaye a zaure. Idan ya karɓi suna da kalma, sai ya miƙa su ga wani tsari da ake kira PAM. Injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems na Amurka ne suka fito da shi a 1995, don kada kowace manhaja ta riƙa ƙirƙiro tata hanyar tantance mutane. Yau kusan kowane Linux da shi yake aiki. PAM shi kansa ba ya duba komai. Yana da ƙananan ma'aikata, kowanne da aikinsa: ɗaya yana gwada kalmar da aka rubuta da wadda aka ajiye, ɗaya yana duba ko wa'adin asusun ya ƙare, wani yana karanta zanen yatsa, wani yana tambayar babbar kwamfutar ma'aikata ta intanet. Wanda ke gwada kalmar sirri ta yau da kullum sunansa pam_unix.

Su wa za a tambaya, kuma wa zai fara? Wannan yana rubuce a wasu ƙananan fayiloli cikin jakar /etc/pam.d. Kowace ƙofa da fayil ɗinta: akwai na shafin shiga mai hoto, akwai na baƙin allo, akwai na sudo da ake neman ikon shugabanci da shi. A dangin Debian da Ubuntu, waɗannan fayiloli duka suna komawa ga wani fayil guda mai suna common-auth. Shi ya sa kuskure ɗaya a cikinsa ke rufe dukan ƙofofi lokaci guda. Kowane layi a ciki yana kiran ma'aikaci ɗaya, yana kuma faɗin nauyin maganarsa. Wani maganarsa ta isa ita kaɗai, wani shawara ce kawai, wani kuwa an rubuta required a gabansa, ma'ana dole sai da yardarsa. Mu malamai mun san irin wannan: takardar da ke bukatar sa hannun mutum uku, idan ɗaya ya yi tafiya, ko sauran biyun sun sa hannu ba ta wucewa. Kuma idan irin wannan ma'aikaci ya ƙi, PAM ba ya tsayawa nan take. Yana ci gaba har ƙarshe, a tambayi kalmar sirri kamar kullum, sannan a ce an ƙi, ba tare da an faɗi wanda ya ƙi ba. An yi haka da gangan don kada ɓarawo ya gane inda ya makale. Illarsa ita ce mai gida ma ba ya ganewa, sai ya ɗauka kalmarsa ce aka canza.

Tunda duk ƙofofin gaba sun rufe, sai na bi ta hanyar gyara. Idan ana kunna inji aka riƙe Shift, ko aka danna Esc a wasu injunan, wani jeri mai suna GRUB zai bayyana. A cikinsa akwai zaɓin ci gaba, a ƙarƙashinsa akwai yanayin farfaɗowa, a nan kuma akwai layin da aka rubuta root. Wannan yana kai mutum baƙin allo da cikakken iko, ba tare da ya bi ta fayilolin PAM ba. Da farko ma'ajiyar na iya kasancewa a yanayin karatu kawai, sai a rubuta mount -o remount,rw / don a samu damar gyara. Kafin in taɓa komai, na jona ƴar ma'ajiyar USB na kwashe jakar maki gaba ɗaya. Ko me zai faru bayan nan, aikin malamai goma na wata huɗu ya tsira.

Daga nan na buɗe littafin da inji ke rubuta labarin shiga da fita, wato /var/log/auth.log. Duk gwajin da muka yi tun safe yana nan, kowanne da lokacinsa. A ƙarƙashin kowane gwaji kuma layuka biyu suna maimaita kansu. Na farko ya fara da PAM unable to dlopen, ya ambaci pam_tally2.so, ya ce babu wannan fayil. Na biyu ya ce PAM adding faulty module. Ma'anarsu a taƙaice: an umarce ni in tambayi wani ma'aikaci mai suna pam_tally2, na neme shi ban same shi ba, don haka na ƙirga shi cikin waɗanda suka ƙi. Na buɗe common-auth, sai ga layin a can sama, da required a gabansa, da deny=3 a bayansa.

Wannan ma'aikaci yana da tarihi. Aikinsa ƙirga sau nawa aka yi kuskuren kalmar sirri, idan ya kai adadin da aka sa sai ya kulle asusun. Shekaru da yawa shi ake amfani da shi, kuma intanet cike take da bayanan yadda ake sa shi. Amma a 2020 masu kula da Linux-PAM suka sanar da ajiye shi a fitowa ta 1.4.0, suka cire shi gaba ɗaya a ta 1.5.0 a cikin wannan shekara, suka ce a koma ga pam_faillock. Ubuntu 20.04 yana da shi, Ubuntu 22.04 da danginsa ba su zo da shi ba. Tsofaffin bayanan kuwa suna nan a intanet ba wanda ya goge su. Duk wanda ya kwafi layin daga tsohon bayani ya liƙa a sabon inji, ya sa sunan wanda ya bar aiki cikin jerin waɗanda dole su sa hannu.

Gyaran bai ɗauki minti biyu ba. Na ajiye kwafin fayil ɗin, na buɗe shi da nano, na sa alamar # a farkon layin, wadda ke sa PAM ya tsallake shi. Na sake kunna inji. Kalmar darakta ta buɗe, ta surbeyan ta buɗe, tawa ta buɗe. Harafi ɗaya ne tsakaninmu da tafiya Tawa.

Amma buɗewar inji ba ta wanke yaron ba tukuna, domin wani zai iya cewa shi ya rubuta layin. Nan ma injin ya ba da shaida. Umarnin chage -l yana nuna ranar da aka canza kalmar sirrin kowane asusu a ƙarshe, kuma dukan ukun tun farkon shekarar karatu ba a taɓa su ba. Kafin in yi gyara na duba lokacin da aka taɓa common-auth da umarnin ls -l: ranar Juma'a ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, lokacin da yaron yake aji yana rubuta gwajina na lissafi, takardarsa tana hannuna. A cikin auth.log kuma akwai layin sudo na wannan lokaci, daga asusun ofis. Da aka ambaci rana da sa'a sai kowa ya tuna: wani matashi mai gyara ya zo daga gari ranar don duba firinta, aka yi masa ƙorafin cewa yara na yawan gwada kalmomi a injin ofis, ya ce akwai maganin wannan, aka buɗe masa, ya duba wayarsa ya kwafi layi ɗaya. Tunda injin a buɗe yake, babu abin da ya nuna. Sai da aka kashe aka kunna ciwon ya fito, kuma wanda ya kashe shi aka kama.

Ban ga amfanin mayar da bulalar kan matashin ba. Niyyarsa taimako ce, garin neman gira aka kusa rasa ido. Abin da ya rasa ƙa'ida ce guda da duk mai taɓa waɗannan fayiloli ya kamata ya haddace: a ajiye kwafi kafin gyara, a bar taga ɗaya mai ikon shugabanci a buɗe, a gwada shiga ta wata ƙofa, sai an ga ta buɗe sannan a rufe ta farko. Na kira shi na bayyana masa, ya karɓa da kyau. Darakta kuma ya tara ɗalibai a filin tuta ya faɗi a gaban kowa cewa yaron ba shi da laifi. Wannan ya fi gyaran injin muhimmanci a wurina, domin zargin a bainar jama'a aka yi shi, wankewar ma a nan ya kamata a yi ta.

Wannan cuta tana da ƙanwa, kuma ya kamata a san ta. A namu lamarin, jeri yana nan, ma'aikaci ne babu. Wani lokaci kuwa ma'aikatan duk suna nan, jerin ne ya ɓace: wani ya goge fayil a cikin /etc/pam.d yana zaton shara ce, ko an sa sabuwar manhajar shiga ko ta kulle allo ba tare da fayil ɗinta ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta inji. Idan wata ƙofa ba ta da fayil, PAM yana komawa ga wani fayil mai suna other, kuma a wasu nau'o'in Linux, kamar Fedora, abin da ke ciki shi ne a ƙi kowa. An zaɓi haka ne saboda tsaro: mai gadin da ba a ba shi jerin baƙi ba, gara ya tsare kowa da ya saki kowa. A Debian da Ubuntu akwai umarnin pam-auth-update da ke sake gina common-auth da ƴan uwansa, fayil ɗin wata manhaja kuma ana iya kwafo shi daga inji makamancinsa mai lafiya. Makarantar da ke da injuna iri ɗaya guda takwas tana da kwafi bakwai na kowane fayil a ɗaki ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da zai faru da an kai injin gari. Masu gyara da yawa, a Tawa ko Maraɗi ko Kano, Windows suka saba da shi. Idan aka kawo masu Linux da ya ƙi buɗewa, magani mafi sauri shi ne a goge komai a sa sabo. Ba mugunta ba ce, abin da suka iya ke nan, kuma mai kaya bai san ya ce a fara kwashe masa fayiloli ba. Da haka ta faru, da makin ɗalibai ya tafi, da mahaifi ya sayar da akuya ya biya, da yaro ya ci kora ana saura ƴan watanni BEPC. Mafi muni, da shaidar da ta wanke shi ta tafi tare da gogewar, ya zauna da sunan mai ɓarna har ya bar garin.

Akwai wani darasi da ke ɓoye a cikin hanyar da na bi. Na shiga injin da cikakken iko ba tare da kalmar sirrin kowa ba. Duk wanda ya zauna gaban inji shi kaɗai na minti goma, kuma ya san hanya, zai iya yin haka, sai fa idan an kulle GRUB ko an rufe ma'ajiyar da sirri. Ke nan kulle asusu bayan kuskure uku, ko da an yi shi daidai da pam_faillock, ba shi ne babban tsaron makinmu ba. A makaranta ma zai iya zama abin wasa, yaro ya rubuta shirme sau uku ya kulle darakta a waje. Mun bar wannan shawara, mun sayi kwaɗo mai kyau ga ƙofar ofis, mun kuma tsayar da cewa duk Juma'a za a kwashe maki a USB biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan darakta, sannan a buga a takarda a ƙarshen kowane gwaji.

Sai batun harshe. Injin ya faɗi abin da ke damunsa tun gwajin farko, amma da Turanci ya faɗa, a wani lungu da ba a koya wa kowa ba, a makarantar da ake koyarwa da Faransanci, a garin da ake magana da Hausa da Tamashek. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan wannan zai yi ma'ana a aji, dole mu iya bayyana irin waɗannan abubuwa da Hausa. Na gwada da ɗalibaina: ɗan aike a zaure, jerin masu sa hannu, ma'aikacin da ya bar aiki. Sun gane cikin darasi ɗaya. Yanzu akwai inji guda a ɗakin koyo da muka ware don a ɓata a gyara, kuma ƴan mata biyu ne suka fi kowa saurin gano layin da na ɓoye.

Ga ƴan uwana malamai, ba na cewa kowa ya zama injiniya. Amma a kowace makarantar da ke da kwamfuta, ya kamata a samu aƙalla mutum biyu da suka san tambayoyi huɗu: asusu ɗaya ne ya ƙi ko duka? Allon rubutu na fitar da abin da aka danna? Me aka canza tun ranar da injin ya yi aiki lafiya, ba wa ya kashe shi a ƙarshe ba? Me injin ya rubuta a littafinsa? A kuma ajiye littafi na takarda kusa da injin ofis, duk wanda ya sa ko ya cire wani abu ya rubuta suna da rana da abin da ya yi, baƙo ne ko ɗan gida. Da muna da shi, da minti biyar sun isa. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana nan kusa da mu, kuma akwai ƴaƴan garuruwanmu a cikinta da ke dawowa hutu. Kwana biyu na horo daga mai ilimin abin ya fi tafiya gari sau goma.

Ga iyaye, idan aka kira ku aka ce ɗanku ko ƴarku ta ɓata kwamfuta, kuna da damar yin tambaya ko da ba ku taɓa danna madanni ba. Ku ce a nuna maku shaidar da injin ya rubuta, da rana da lokaci. Ku ce kada a goge komai sai an duba. Wannan ba raini ba ne ga malami, kuma malamin kirki ba zai ɗauke shi haka ba. Idan shaida ta nuna yaro ya yi, a hukunta shi daidai laifinsa. A taron kwamitin makaranta kuma, idan ana maganar kuɗin alli da gyaran benci, ku tambaya wa ke kula da injuna, ina ake ajiye kwafin maki, yaushe aka kwashe na ƙarshe.

Ga ƴan uwanmu na bida da ke aiko da kaya, Allah ya ƙara buɗi. Roƙona shi ne, cikin kowane kuɗin inji goma, a rage na ɗaya a sa shi a horar da wanda zai riƙe sauran taran. A makarantu da yawa na ga injuna a jere ƙarƙashin zane, ana cewa sun mutu, alhali ba wanda ya taɓa buɗe littafinsu ya ga me suka ce. Na tabbata wasunsu layi ɗaya ne ya tsare su. Allah ya ba mu haƙurin bincike kafin hukunci, ya kuma yi wa ƴaƴanmu albarka.